Malam Muhammadu Bakatsine, mai lissafin da ya rasu a Masar

 A wannan fitowa ta takardarmu za mu ba ku tarihin wani malami na ƙasar Katsina wanda ya rasu tun shekara ta 1741, kuma ga abin da ya sa.

A taron ƙungiya na bayan Sallah, da anka zo ga maganar yaran da iyayensu sunka cire daga lakwal, wani dattijo, Allah ya ƙara mashi lafiya, ya nuna cewa lissafin nan da muke koya ma yara, wanda ake sa harafi wurin abin da ba a sani ba, wasan Nasara ne, ba shi da asali wurinmu, kuma ba ya cika rumbu. Ba mu maida mashi magana nan take ba, don ba tarbiyya ba ce yaro ya ja da ubanshi gaban mutane. Mu kanmu, lokacin da muke makarantar horon malamai, haka munka ɗauka, saboda duk sunayen da munka ji cikin darasin lissafi na mutanen Faransa ne da na Girka. Sai daga baya munka san da wanga bawan Allah.

Sunanshi Muhammadu ɗan Muhammadu. A littattafan Larabawa ana rubuta shi Alfulani Alkashinawi Assudani, wato Bafillace, Bakatsine, mutumin ƙasar baƙar fata. Ana kuma jingina shi ga Ɗan Ranko, wani gari na fatake a ƙasar Katsina. Kada wani ya ce ai wannan ɗan Najeriya ne, ina ruwanmu. A zamaninshi babu iyakar da muke ƙetarawa yau da takardu. Katsina da Gobir maƙwabta ne, wani lokaci su yi ciniki, wani lokaci su yi yaƙi, almajirai kuwa suna kai da kawowa tsakaninsu ba mai tambayarsu. Mu nan Madawa ƙasar Gobir muke, kuma zuriyar sarakunan Katsina na wancan zamani su ne sunka zauna Maraɗi bayan jihadi ya fitar da su daga birninsu a 1807. To, Malam Muhammadu na gida ne.

Katsinar da ya tashi ciki gari ne na ilimi. Hasumiyar Gobarau tana tsaye tun kafin a haife shi, kuma su Ɗan Marina da Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, sun riga sun ɗaukaka sunan garin. Malamai huɗu anka fi ambata cikin waɗanda ya yi karatu wurinsu: Shehu Muhammadu Alwali na Bagarmi, Shehu Muhammadu Bindu, Shehu Hashimu, da Shehu Muhammadu Fodu. Wurin Fodu ya yi nahawu da sarfu da littattafan adabi. Wajen shekara huɗu yana biye da shi, a gida da kan hanya, kamar yadda almajiri ke bin malaminshi da buzu da gafaka. Ya haddace Muƙamat har malamin ya riƙa kiranshi mai Muƙamat, da ya ƙware a nahawu kuma sai ya sake mashi laƙabi da Sibawaihi, sunan babban malamin nahawun Larabci. Wurin Shehu Bindu kuwa ya ɗauki hisabi, da sanin lokutta, da ilimin haruffa da na hatimi, bisa hanyar malaman Magrib. Ku lura, duk wannan a ƙasashenmu ya same shi, kafin ya taka ƙasar Larabawa.

Za mu tsaya kan hatimi, don nan maganarmu take. Babu dattijon da bai taɓa ganin hatimi a allo ko cikin laya ba. Maganar ko yana magani ko ba ya yi, da maganar halascinshi, malamai sun yi saɓani a kai tun da daɗewa, mun bar masu. Mu abin da ke cikin gidajen munka duba. Ga ƙaramin hatimi mai gida tara, daga 1 zuwa 9:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Ku haɗa kowane layi, a kwance, a tsaye, ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za ku samu. Me ya sa 15? Idan anka haɗa 1 har zuwa 9 ana samun 45. Layi uku ne a kwance, kuma dole su zo daidai da juna, to kowane ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku na 45, shi ne 15. Wannan mai sauƙi ne.

Ga wadda ta fi ta. Me ya sa kullum 5 ke zama a tsakiya, ko ta ina malam ya fara? Mu yi kamar ba mu san ta ba, mu ce mata abin. Layi huɗu ke ratsa gidan tsakiya: na kwance, na tsaye, da na kusurwa biyu. Kowane 15 ne, su huɗu 60 ke nan. Layukan nan huɗu sun taɓa kowane gida na gefe sau ɗaya, amma gidan tsakiya sun taɓa shi sau huɗu. Wato cikin 60 ɗin akwai dukan hatimin, 45, da ƙarin abin har sau uku. Yanzu ku ɗauki sikeli irin na ƴan kasuwa: hannu ɗaya 60, ɗaya hannun 45 da abin sau uku, kuma sun yi daidai. Ku ɗebe 45 daga kowane hannu, sikeli ba zai karkata ba. Saura 15 a nan, abin sau uku a can. Ku raba uku, abin 5 ne. Abin da munka yi yanzu shi ne ake ce ma ekwasiyon a lakwal. Yaro zai rubuta 45 + 3x = 60, ya sami x = 5. Ba mu ƙara komi ba sai harafin.

Malaman zaure kuwa suna da wata ƙa'ida da suke bi idan suna son hatimi ya fito da adadin wani suna. Kowane harafin Larabci yana da lambarshi a abajada. Sunan Allah, alif 1, lam 30, lam 30, ha 5, ya zama 66. Ƙa'idar ita ce a ɗebe 12, a raba saura uku, abin da ya fito da shi za a fara. A ɗebe 12 daga 66 saura 54, a raba uku 18. Sai a sa 18 a gidan da 1 take, 19 a gidan 2, a bi da bi har 26:

21 26 19
20 22 24
25 18 23

Ko'ina 66. Mun tambayi almajirai da yawa ina 12 ɗin nan ta fito, amsar ita ce haka anka koya masu. To ga inda ta fito. Kowane layi daidai yake da lambar tsakiya sau uku, kamar yadda 15 take 5 sau uku. Lambar tsakiya kuwa ita ce ta biyar a jeri, wato ta fari da ƙarin 4. Sau uku ke nan ta fari sau uku da ƙarin 12. Mai ɗebe 12 ya raba uku yana warware ekwasiyon ne, 3x + 12 = 66, ko ya sani ko bai sani ba. A hatimi mai gida 25, inda layi ke ba da 65 idan an fara daga 1, ƙa'idar sai ta koma a ɗebe 60 a raba biyar, kuma dalilin ɗaya ne.

Wani lokaci rabon ba ya fita. Sunan Muhammadu 92 ne. A ɗebe 12 saura 80, a raba uku a sami 26, biyu ta yi saura. Ɗaya daga cikin dabarun da ake yi ita ce a ƙara abin da ya saura bisa gidaje uku na ƙarshe, na bakwai da na takwas da na tara, don kowane ɗayansu yana layi dabam. Layukan kwance da na tsaye duk su ba da 92, amma kusurwa ɗaya ta tsaya a 90. Ba kasawar malam ba ce. Lissafin da munka yi a sama ya nuna dole layi ya zama lambar tsakiya sau uku, 92 kuwa ba ta rabuwa uku, don haka ko Malam Muhammadu da kanshi ba zai cike wannan kusurwa da cikakkun lambobi ba.

Mu koma ga tafiyarshi. Ya yi yawo ƙasashe da dama, ya zauna da sarakuna da malamai, har ya rubuta labarin abin da ya gani a hanya. A shekara ta 1142 ta hijira, wajen 1730, ya yi aikin hajji. Ku da kuke hawa mota ku kwana biyu ko uku ku isa Abijan kuna kukan gajiya, ku tuna alhazan wancan zamani da ƙafa da jaki da raƙumi suke tafiya, wata da watanni, wasu shekaru, wasu kuma ba su komowa. Ya zauna Makka, a can ya fara babban littafinshi mai suna Durrul Manzum, kan taurari da asirai. Daga nan ya wuce Alƙahira, ya zauna kusa da masallacin Azhar, ya ƙare littafin a 1146. Littafin da ya fi shafarmu, Bahjatul Afaƙ, wanda ke bayanin haruffa da hatimi, ya gama shi a 1145, wato tsakanin 1732 da 1733. A ciki ya jera hanyoyin cika hatimin da gefenshi mara ne, mai uku, mai biyar, mai bakwai har sama, ta yadda mutum zai bi gida gida ba tare da lalube ba. Yana da kuma littafi kan nahawu, Bulugul Arab, da waƙa kan manɗiƙi wadda ya yi ma sharhi da kanshi.

A Alƙahira ya haɗu da Shehu Hasan Aljabarti, babban malamin fiƙihu da ilimin taurari, wanda kakanninshi daga wajen Habasha sunka zo. Wanga malami, da duk matsayinshi a Masar, ya zauna gaban baƙo daga Katsina ya ɗauki ilimin hatimi, daga baya ma ya ɗauke shi ya sauke shi gidanshi. Shi ne kuma, bayan rasuwar Malam Muhammadu, ya ga ma'aunan kasuwar Alƙahira sun lalace ana cutar mutane, ya tara maƙera anka gyara su, ya rubuta littafi kan awo. Mutanen da ke wasa da gidajen hatimi su ne ke gyaran sikelin kasuwa, don kai ɗaya ke yin aikin biyu.

Gaskiya ita ce ba Malam Muhammadu ya ƙago wannan hanya ta neman abin da ba a sani ba. Ta girme shi da shekara wajen ɗari tara. Wanda ya fara tsara ta cikin littafi shi ne Muhammadu ɗan Musa Alkawarizmi, a Bagadaza, zamanin halifa Ma'amun wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833. Ya sa ma aikin suna aljabru, kalmar da Larabawa ke faɗi ga ɗorin ƙashin da ya karye: abin da ya ragu a hannu ɗaya na sikeli a cike shi, a ƙara daidai da shi a ɗaya hannun. Daga nan Turawa sunka sami sunan da muke ji a lakwal, aljebar. Babu harafi ko alama ɗaya a littafinshi, duk da magana ya yi, kuma abin da ake nema ya kira shi shai'u, wato abu, kamar yadda munka ce abin ɗazu. Alamar daidai, layi biyu ɗin nan, wani mutumin Birtaniya ya fito da ita a 1557, harafin x kuma Dekart na Faransa ya yaɗa shi a 1637. Wannan shi ne rabon Nasara a ciki, kuma ba mu raina shi ba, don ya rage wahalar rubutu ƙwarai.

Babban kashi na littafin Alkawarizmi kan gado da wasiyya yake. Ga misali namu, mun ƙaga shi don bayani. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, ɗiya maza biyu da ɗiya mace ɗaya, dukiyarshi jikka 400. Matar tana da tumuni, jikka 50, saura 350. Rabon ɗiya mace shi ne abin. Kowane namiji yana da abin sau biyu, su biyu sau huɗu, da nata sau biyar. Abin sau biyar daidai da 350, abin 70 ne. Mace 70, maza 140 kowane. Duk limamin da ya taɓa raba gado a garin nan ya yi wannan. Yanzu ku juya ta. Ɗan cin rani yana Abijan, anka aiko mashi cewa ƙanwarshi ta sami jikka 70, ba a gaya mashi ko nawa tsohon ya bari ba. Yana iya ganewa daga inda yake zaune: 70 sau biyar 350, wannan kuwa kashi bakwai ne cikin takwas, kashi ɗaya 50, dukiyar 400. Idan abin da ya sani na mahaifinshi ya fi haka nesa, to yana da tambayar da zai yi.

Ga na albasa, tunda daga Galmi har cikin fadamun Majiya da na Keita ita ce kuɗinmu. Manomi ya ba da buhu 10 a kai mashi kudu. Kuɗin mota jikka 2 kowane buhu, dillali ya ɗauki jikka 5 a dunƙule, anka kawo mashi jikka 115. Nawa anka sayar da buhu? Wahalar ba wurin haɗawa da rabawa take ba, wurin tsara maganar take. Kuɗin buhu shi ne abin. Buhu 10 sun kawo abin sau goma. An cire 20 na mota da 5 na dillali, 25 ke nan, saura 115. A yi ɗori, a maida 25 bisa 115, ya zama 140. Abin sau goma 140, buhu jikka 14. Idan ɗanshi da ke can ya ji da kunnenshi cewa a ranar jikka 17 anka yi ciniki, jikka 30 sun ɓace tsakanin Madawa da bakin teku. Ko canjin da kowa ke yi kullum, dala zuwa tamma, inda dala 200 ke zama jikka ɗaya, ɗan ƙaramin ekwasiyon ne. Mata masu sayar da ƙuli-ƙuli a kasuwar Buza suna yin shi da ka, sun fi ɗalibanmu na aji shida sauri, mun gwada mun ji kunya.

Abu ɗaya ne ba mu bi Malam Muhammadu a kanshi ba, Allah ya gafarta muna idan mun yi rashin ladabi. Cikin littafinshi ya yi ma ɗalibai nasiha biyu. Ta fari, kada mutum ya yanke ƙauna ya bar aikin don ya yi wuya, sai ya nace. Wannan kullum muna faɗa ma yara ita. Ta biyu, a yi aikin a ɓoye, kada a baza shi ga kowa. Mun san yana da dalilinshi, don yana ganin haruffa amana ce ta Allah, kuma a zamaninshi mai wannan ilimi yana iya gamuwa da zargi. Amma ɓoyon ya yi muna tsada. Ƙa'ida ta iso ga almajiri, dalilinta ya tsaya a hanya. Shi ya sa yau malami zai ɗebe 12 ya raba uku da safe, da marece ya ce lissafin lakwal baƙon abu ne. Masu bincike su sunka tono littafin: akwai kofenshi na rubutun hannu a Landan, kuma wata malama ta Amurka, Kalodiya Zaslabski, ta yi bayaninshi cikin littafinta kan lissafin Afirka a 1973. Mu da muke kwana ɗaya a mota daga Katsina, sai ta bakinsu munka ji.

Malam bai komo gida ba. Ya rasu a Alƙahira a shekara ta 1154 ta hijira, 1741, cikin gidan Shehu Hasan, bayan ya sa shi wasiyyi bisa dukiyarshi da littattafanshi. Shehu Hasan ya rufe shi a maƙabartar Mujawirin, wurin da ake ce ma lambun malamai, ya gina alama bisa kabarin, ya rubuta sunanshi da shekarar rasuwarshi. Ɗan Shehu Hasan, Abdurrahman Aljabarti, wanda anka haifa fiye da shekara goma bayan haka, shi ya zama babban marubucin tarihin Masar, kuma cikin littafinshi ne ya ajiye sunayen malaman baƙon gidansu da na littattafanshi. Daga can mafi yawan abin da munka ba ku na rayuwarshi ya fito. Allah ya jiƙan Malam Muhammadu, ya jiƙan iyayenmu da malamanmu.